Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Watandar 1984

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya dawo da mu Wusasa, kusa da Zariya. Yau zan ba ku labarin Disambar farko da na yi wayo a can, ta 1984, shekarar da aka canja kuɗi kuma ake kwana a layi kafin a samu gwangwanin madara ko sabulu.

A gidanmu Kirsimeti ba ranar 25 take farawa ba. Da zarar an yi godiyar kaka a majami'a, an yi gwanjon dawa da doya da zakarun da mutane suka kawo baiko, to Mama ta daina zama. Lahadi huɗu ake ƙirgawa kafin ranar, kuma a waccan shekarar ta farko ta faɗo 2 ga wata. Kowace safiya, da duhu-duhu, Baba zai tashe mu addu'ar gida, hunturu na kaɗawa, leɓɓa duk sun tsage. Yakan buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon bugun nan na 1932 da ya gada wurin mahaifinsa, ya miƙa wa wanda ya ga yana gyangyaɗi. Ishaya muke bi, sai mako na ƙarshe mu koma Luka. Har gobe ba na buƙatar duba sura ta biyu.

Da yamma kuma sai koyon waƙa a Majami'ar Saint Bartholomew, ginin ƙasar nan na 1929 wanda baƙo ke ɗauka gidan wani basarake ne. Can muke gwajin wasan haihuwar Almasihu. Kowace yarinya Maryamu take so ta fito. Ni dai, saboda tsawona, makiyayi aka ba ni, da rawanin Baba da sandar Kaka. Na yi fushi, amma wanda ya fito Hirudus ya fi ni shan wuya, don yara sun yi ta kiransa da sunan har ya yi aure.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watanda. Tun watan Janairu magidantan unguwarmu ke zuba kuɗi wurin wani dattijo, a sayi sa idan shekara ta zo ƙarshe, a yanka, a kasa daidai wa daida. A 1984 da aka ƙirga kuɗin, sai aka tarar ba za su sayi ko ɗan maraƙin kirki ba. Aka yi zama a zaurenmu. Ina bayan ƙyaure ina ji. Wasu suka ce a mayar wa kowa kuɗinsa ya nemi kaza. Baba ya yi shiru, don shi ma albashinsa na malanta bai fito ba.

Mama ce ta shigo da ruwan sha, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Malam, a gafarce ni in sa baki. Idan kun raba kuɗin nan, gidan gwauruwar can da me za su wayi gari?"

Washegari matan Zumuntar Mata suka fasa asusun da suke tarawa na ankon bana, suka cika. Shi ya sa a hoton shekarar za ku ga iyayenmu mata sanye da zanen bara. Ban taɓa jin ɗayarsu ta yi gori a kai ba, ko da yake Goggo ta yi ta ƙorafin atamfar da ta riga ta zaɓa a kasuwar Sabon Gari.

Mahauci Musulmi aka kira ya yanka san, kamar yadda aka saba, domin rabin abincin da za a dafa gidajen maƙwabta zai tafi. Su ne masu aiko mana da naman layya, kuma Mama ba ta yarda ta aika wa mutum abin da zai yi shakkar ci ba. Aka kasa tsoka da ƙashi da kayan ciki a kan ganye, aka sa ƙaramin yaro ya juya baya yana kiran suna, don kada a ce an yi son kai.

Sauran kwanakin kuwa gudu ne kawai: shafe ɗakuna da farar ƙasa, suyar cincin har tsakar dare, kitso, zaryar shagon tela da kullum amsarsa "gobe", da zagayen waƙa gida-gida da fitilar ƙwai.

Saura mutum ɗaya. Yaya ya rubuto daga Legas cewa zai hau jirgin ƙasa ya iso Zariya ranar Asabar, 22 ga wata. Mama ta ware masa kasonsa na nama, ta soya, ta rufe a kwalla. Baba ya hau keke ya tafi tasha tun la'asar. Jirgi ya iso bayan isha'i, fasinjoji suka watse, Baba ya dawo shi kaɗai, da jakar Yaya ɗaure a bayan keken.

Yadda jakar ta riga mai ita isowa, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.