Asabar, ranar da muka buɗe shagon Baffa

Yau muka buɗe shagon Baffa a Kantin Kwari, karo na farko tun da Allah Ya karɓi abinSa. Malamin da zai raba gado ya ce ba zai taɓa komai ba sai an tantance bashi tukuna, wanda ake bin mamaci da wanda shi yake bi. Saboda haka bayan sallar asuba Hajiya ta damƙa wa Yaya makullai, ta ce mu tafi tare. Na tuna mata cewa ni ba magaji ba ne, ɗan ƙaninsa ne da ya riƙe tun rasuwar mahaifina. Ta ce, "Kai dai tashi ka bi yayanka. Da yana raye ai kai zai fara kira."

Mun isa kasuwa ba ta cika ba, amma kafin mu gama ɗaga ƙofa 'yan layi sun taru, wannan ya ce ya ƙarin haƙuri, wancan ya ce Allah Ya sa ya huta. Har 'yan dako suka ajiye dilolin da ke kansu suka zo aka shafa fatiha. Ƙirgar kaya ba ta ɗauke mu lokaci ba: atamfa turmi-turmi, shadda, leshi kaɗan. Kayan ba su kai yadda mutane ke zato ba.

Littattafan ne suka zaunar da mu har la'asar. Suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kanta, sunaye da ajami, lissafi da lambobin boko. Mafi tsufa a ciki da fam da sule aka rubuta shi, kafin naira ta shigo a 1973, lokacin yana yaron shago. Ya sha ba mu labarin cewa ubangidansa ya sallame shi ne daf da kuɗin Udoji na 1975, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, ma'aikata suka cika kasuwa suna saye ba tayi, a nan jarinsa ya tsaya da ƙafarsa. A shafukan shekarun da suka biyo baya sunayen masaƙu ne ko'ina, UNTL da Arewa na Kaduna, da na nan Bompai da Sharaɗa. Daga 1986 da naira ta fara faɗuwa sai ka ga farashi yana hawa shafi bayan shafi. Bayan an rufe UNTL a 2007 sunayen suka ɓace, kayan Chaina suka maye gurbinsu. Ya daɗe bai yarda da su ba, kuma ni a ganina ya makara. Sa'anninsa da suka riga shi kamawa yau su ke da benaye a kasuwar. Shi da Yaya sun sha kai ruwa rana a kan wannan.

Sai Yaya ya juya wani littafi ta baya. Ashe kowane littafi fuska biyu gare shi. Ta gaba ciniki, ta baya gida. Buhunan gero da masara da ake sarowa a Dawanau da kaka, an rubuta gidan da kowane buhu zai shiga: na Hajiya, na Gwaggo da mijinta ya rasu, na ƙauye, na matar direbansa na dā. Kuɗin makaranta zango-zango. Kayan ɗakin 'yan mata, har da waɗanda ba shi ya haife su ba. Ga sunana a jere da na 'ya'yan cikinsa, ba a sama ba, ba a ƙasa ba, daga firamare har jami'a. Na san shi ya biya, amma sani daban, ganin abin da hannunsa daban. Sai da na fita bayan shago na ɗan tsaya.

Da na dawo na nemi shekarun da na san kasuwa ta yi masa tsanani. A 2019 aka rufe boda, abokan cinikinsa na Maraɗi da Damagaram suka daina zuwa fiye da shekara. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kwari ya lalata dukiyar mutane, nasa ma bai tsira ba. Ta gaban littafin shafuka kusan wayam. Ta baya kuwa ko suna ɗaya bai ragu ba. A shekarar ruwan ne ya sayar da filinsa, ya ce mana wai ya gaji da rigimar iyaka. Yau muka ga inda kuɗin suka tafi. Yaya ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Kuma ni ina ta yi masa ƙorafin bai ƙara jari ba."

Ba mutum ne mai sauƙi ba. Ba ya son a maimaita masa magana, kuma wanda magariba ta yi masa a waje ya san sauran. Amma duk yadda ciniki ya yi daɗi, da la'asar sakaliya yake rufe shago, ya dawo a shimfiɗa tabarma a soro, mu ci tuwo da shi a kwano ɗaya, yana tambayar kowa inda allonsa ya tsaya.

Bashin da ake binsa kaɗan ne, mutum uku, kuma duk mun kira su. Wanda yake bi ya fi yawa, sai dai da dama ya ja musu layi ya rubuta cewa ya yafe, da kwanan wata.

Da dare muka kai wa Hajiya bayani. Ba ta tambayi yawan kaya ba. Tambayarta ita ce wa zai ci gaba da kai buhun Gwaggo da na matar direba, tunda gado ba zai kai gare su ba. Yaya ya ce ya ɗauki na Gwaggo da na ƙauye. Ni na ce a bar mini matar direba da kuɗin makarantar autanta, wanda zai zana jarrabawar fita sakandare bana. Jibi Litinin za mu kai wa malam lissafin.