Asabar, da lissafin tukwanen Kano

Ƙarfe 11 ta wuce, an ɗauke wuta, yara sun yi barci, ni kuma maganar da aka yi ɗazu a gidan Inna ta hana ni runtsawa.

Da safe komai lafiya lau. Na kai Mamansu kasuwar 'Yan Kaba, tumatir ya ɗan sauko, har muka dawo tana fara'a. Takardun jarrabawar 'yan aji 2 na duba rabi na bar rabi. Bayan azahar na shiga cikin gari kamar kowace Asabar.

Na tarar da Auta ya baje takardu a kan tabarma a tsakar gida, Inna tana gefe da faifai tana tsintar wake. Kun san tun da ya gama hidimar ƙasa ba shi da zance sai na buɗe gidan abinci a titin gidan Zoo. Yanzu ya samo fom ɗin neman rance, a ciki ana so ya faɗi yawan masu irin sana'ar a garin. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, kai ne malamin lissafi, gidajen abinci nawa ne a Kano?" Ashe tun safe yake kan taswirar Google yana ƙirga ɗige-ɗige, daga Bompai zuwa Nasarawa, daga titin Zoo zuwa Sabon Gari. A ganinsa ba za su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Raina ya yi fari, don irin tambayar da nake ƙauna ke nan. Duk shekara sai na ba ɗalibaina labarin Enrico Fermi, masanin kimiyyar nan ɗan Italiya da ya ci kyautar Nobel a 1938, wanda aka san shi da tambayar masu gyaran kayan kiɗan nan fiyano nawa ne a birnin Shikago. Ba a fita a bi gida-gida. Ana farawa da abin da aka sani, a ɗora zato mai hankali a kai, a ninka, a raba, sai a samu adadin da bai yi nisa da gaskiya ba. Na karɓi biron Auta na juya bayan wata takarda.

Ƙananan hukumomi 8 ne ke cikin ƙwaryar Kano: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan miliyan 2.8, yau kuwa ana kiyasin sun haura miliyan 4. Na ce mu tsaya a miliyan 4. Mu ce mutum 1 cikin 5 yana sayen abinci a waje sau ɗaya a rana. Auta ya ce ya yi yawa. Na ce ya tuna da 'yan Kantin Kwari da Singa da Kurmi, da 'yan waya na Farm Centre, da direbobin A Daidaita Sahu, da leburori da ɗalibai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma, mutum nawa ne zai biya kuɗin mota daga kasuwa zuwa Kurna ko Sheka don ya ci abincin rana ya dawo? Ya yarda. Faranti 800,000 ke nan a kullum. Idan kowane wuri yana sallamar mutum 200, wurare 4,000 ake bukata.

Auta ya yi dariya ya ce ina aka ga gidajen abinci 4,000 a Kano. Na ce saboda masu allon suna da kujeru da firji kaɗai yake gani. Ina ya bar masu garau-garau, da masu ɗanwake, da masu waina da miyar taushe, da masu gurasar Jakara, da masu shayi da ke soya ƙwai da indomi har tsakar dare, da matan Sabon Gari masu sakwara da miyar agushi?

Sai ya ce, "Haba Yaya, ai waɗannan ba gidajen abinci ba ne, 'yan talla ne kawai. Wa zai sa su a lissafi?"

Ban san lokacin da murya ta ɗaga ba. Na ce, "To tuwon Inna fa?"

Ya yi shiru yana kallona. Tsakar gidan ma ta yi tsit, sai ƙarar wake a kan faifai. Inna ba ta ɗago kai ba. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, don haka kamar da bango take magana ta ce, "A ƙyale shi, ai bai yi wayo ba lokacin."

Gaskiyarta. Shekarar da Baba ya rasu Auta yana goye. Abin da ya sani shi ne ya tashi ya ga Inna tana hutawa, mu muna kawowa. Bai ga murhu 3 a jere a wancan lungun da yanzu aka ajiye tankin ruwa ba. Bai ga Inna ta tashi tun kafin kiran assalatu tana hura wuta da ɗanyen itace, idonta na zubar da ruwa, shi yana bayanta yana barci ba. Ni na gani. Ni ne nake ɗaukar langa a ka in bi ta lungu in ɓulla Ƙofar Wambai, in bi rumfunan 'yan gwanjo ina ajiye wa kowa nasa, in dawo da kwanuka kafin in tafi islamiyya. Har yau idan na ji ƙamshin miyar kuka da man shanu ya narke a kai, tsakiyar kaina nake jin zafin gindin langar nan, don gammon tsumma ba ya tare shi duka.

Yau ne karo na farko da na ji Inna ta faɗi lissafinta da bakinta. Ta ce ranar da kasuwa ta cika mudu 12 na dawa take tuƙawa, kwano 60 zuwa 70 ke fita daga gidan nan. Ba ta yi boko ba, amma bashi bai taɓa ɓace mata ba. Kowane mai ci bashi yana da layinsa a bangon madafa, ta ja masa zane da gawayi, ran Juma'a ya biya ta goge da jiƙaƙƙen tsumma. Na tuna bangon sarai, baƙi ƙirin daga ƙasa zuwa daidai kafaɗarta. Da wannan gawayin aka biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare, da shi aka yi wa ƙanwata kayan ɗaki.

Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yafe ni." Ta ce bai yi laifin komai ba, Allah ya sa albarka a abin da zai buɗe. Ta ƙara da cewa in shawararta zai ji, ya nemi inda masu aikin ƙarfi suke, su ne ba sa fashin cin abinci.

Muka yi la'asar, muka ci dambu, aka koma hirar bikin 'yar Baffa. A fuska komai ya wuce.

Amma a hanyar dawowa na ajiye babur a bakin titi na taka layinmu da ƙafa ina ƙirgawa. Mai shayi ɗan Damagaram. Mai tsire da balangu. Yarinyar da ke suyar awara a ƙofar gidansu. Mai ƙosai da ba ta fitowa sai da safe, amma ga duwatsun murhunta da toka. Gidan da ake sayar da ɗanwake, wanda babu wata alama a jikinsa sai yara da ke shiga da kwano suna fitowa. Mai shinkafa da wake a baro. Mai fura da nono. Kafin in kai ƙofar gidana na samu 11, kuma guda ɗaya tak ke da allon suna, shi ma shawarma yake sayarwa. Layi ɗaya ke nan, a unguwar da ba kasuwa ba tasha.

Na tsaya ina tunanin Kurmi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kasuwar nan take ci, sama da shekara 500. Fatake suna zuwa daga Agadas, daga Borno, daga Gwanja da goro, su sauka a gidan fatoma, wato mai masaukin fatake. Wa yake dafa musu? Matan gidan. An san sunayen sarakuna, an san hanyoyin ayari, amma hannuwan da suka tuƙa tuwon da ayarin ya ci babu inda aka rubuta su. Yau ma haka taswirar wayar Auta take. Za ta nuna maka inda ake sayar da abincin Lebanon ko na Sin ko na Indiya a Nasarawa, da hotuna da taurari, kuma ban ƙi su ba, gari ne babba, kowa da abin da yake so. Amma mutumin da ya wuni yana dakon dila a Kwari ba can ya ci ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da na zauna ɗazu na sake duba takardar da fitilar waya, sai na ga lambar da na rubuta da hannuna: mutum 200 a kowane wuri. Daga ina na samo 200? Wuri mai tebura da ma'aikata nake hangowa lokacin da na rubuta. Inna da murhunta 3, da ni da langa, ba mu taɓa kai rabin haka ba. Ke nan kafin in ɗaga wa Auta murya, ni ma na riga na cire ta daga lissafin, tana zaune kusa da ni. Wannan ne ya hana ni barci.

Na soke 200 na rubuta 50. Ya ba ni 16,000. Na ɗauki hoton takardar na tura wa Auta, na ce ya rubuta adadi biyu a fom ɗin, na masu allo daban, na masu ciyar da gari daban, ya yi bayani a ƙasa. Ya karanta, alamar ta nuna, bai amsa ba tukuna.

Gobe ɗaurin aure a Gwale ƙarfe 10. Daga can zan biya wajen Inna, ina so in tambaye ta ko tsohuwar mararta ta kwasar tuwo, mai ɗinkin nan a baki, tana nan.