Wasiƙa Daga Viyana: Yini Guda a Kan Keken Burji

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina fata kaka ta zo muku da albarka, gero ya shiga rumbu lafiya. Nan ma kaka ce. Tun cikin Satumba ake tsinkar inabi a arewacin Viyana, babban birnin Ostiriya, inda neman ilimi ya ajiye ni shekara uku ke nan. Asabar ɗin da ta wuce na yini a kan keke cikin waɗannan gonaki, na dawo da ƙura har gwiwa, da maganar da na kasa riƙewa ni kaɗai.

Na san abin da zai fara zuwa ran wasunku. Yawancin inabin nan barasa ake yi da shi, sunan yankin ma, Weinviertel, daga sunanta aka samo shi. Ni ba na sha, ban taɓa sha ba, ba kuma ita ta kai ni can ba. Ɗan manomi ne ni, gona ce ta ja ni.

Keken da nake hawa na sa masa suna keken burji, don domin hanyar da ba kwalta aka ƙera shi. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na keken tsere, amma tayarsa ta fi kauri, faɗinta milimita 40, da 'yan haƙora masu kama ƙasa. Babu tiyub a ciki. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa, in ƙaya ta huda taya sai ya bi ramin ya toshe shi kana cikin tafiya. Duk wanda tsidau ya taɓa sa shi turin keke zuwa wurin mai faci da tsakar rana ya san darajar wannan dabara. Nawa na hannu na saya, bayan na yi wata biyar ina tara kuɗin.

Da gari ya waye na fito daga Floridsdorf, unguwar da nake zaune, na bi bakin kogin Danub ta gefen babban masallacin da aka buɗe a 1979. Daga nan na kama hanyar tsakuwa da ke bin Marchfeldkanal, magudanar da aka haƙa don kai ruwan kogin ga gonakin gabas, har Stammersdorf. A nan jirgin cikin gari mai lamba 31 yake juyawa, a nan kuma gine-gine suke yankewa kamar an sa wuƙa. Ka wuce gida na ƙarshe, sai layin inabi na farko. Har yanzu kana cikin birni mai mutum miliyan 2, ga kurege yana tsaye a bakin raminsa yana kallon ka.

Ƙasar wurin ita ta fara kama ni. Rawaya-rawaya ce, mai laushi kamar gari, in ka murza ta a yatsa ba ka jin tsakuwa ko ɗaya. Asalinta ƙura ce da iska ta yi ta kwasowa tana jibgewa a zamanin da ƙanƙara ta rufe wasu sassan Turai, har ta yi tudu mai kauri. Ku tuna da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tabarma, ku ƙaddara ta yi dubban shekaru tana sauka babu mai sharewa. Amalanke da ruwan sama sun daɗe suna cin wannan ƙasa, shi ya sa wasu hanyoyin gona suka nutse suka zama kwazazzabo, bango dama da hagu ya fi tsayin mutum biyu, saiwoyi na leƙowa. Kana shiga iska ta ɗauke, ba ka jin komai sai ƙarar tayarka. In an yi ruwa kuwa, ka nisance su. Bara na yi gangancin shiga, laka ta cika tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi juyawa, na saɓa shi a kafaɗa na fita.

A cikin bangon nan magabata suka haƙa ɗakunan ajiya. Layi guda za ka ga 'yan ƙananan gine-gine farare a jere, ƙofa ɗaya, 'yar taga, babu wanda yake kwana a ciki. Bayan kowace ƙofa rami ne mai tafiya cikin tudu, sanyinsa kusan ɗaya ne rani da damina. Su kan kira irin wannan layi ƙauyen da ba ya hayaƙi. Ni da na gan su, rumbunan bayan garinmu suka faɗo mini a rai, inda kowane gida yake da nasa a jere da na maƙwabci.

Tudun Bisamberg bai kai a kira shi dutse ba, mita 358 ne kawai, amma ya isa ya sa ka sauko da giyar keke zuwa mafi sauƙi. Bayansa ƙasar ta zama tudu da gangare, tudu da gangare, ba mai tsanani ba, ba kuma mai ƙarewa ba. Ga iska da ba ta hutawa, shi ya sa fankokin lantarki suka cika sararin. Tsakanin ƙauyukan Hagenbrunn da Pillichsdorf akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu keke, sai dai ni na fi son in ratse in bi ta tarakta.

A irin wannan ratse na tarar da wani dattijo da iyalinsa suna tsinka, kowa da almakashi da bokiti. Na sauka na ba tarakta hanya, na gaishe shi da gaisuwarsu mai ambaton Allah. Ya ga ina duban gindin wata shuka inda ta yi ƙulli, sai ya ce wurin aure ne. Kusan kowace shukar inabi a nan mai aure ce, kamar mangwaronmu: saiwa daga irin Amurka, reshe daga irin gida. Dalili shi ne wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ya ɓulla a Klosterneuburg, can tsallaken kogi, a 1872, ya bi gonaki yana kashe su, ba a sami tsira ba sai da aka koma ga saiwar da ke jure masa. Dattijon ya yanko mini nonon inabi guda na irin da suka fi shukawa, Grüner Veltliner. 'Ya'yan ƙanana ne, da ƙwallo a ciki, zaƙinsu ya ninka na kanti. Na tambaye shi ruwan sama, ya ce wajen milimita 500 suke samu a shekara. Na ce masa Kano ta fi su ruwa, ya daɗe yana kallo na. Bambancin, zafin ranarmu yana shanye namu cikin gaggawa, kuma a wata huɗu yake sauka gaba ɗaya.

Ga gargaɗi ga duk wanda Allah ya kawo shi nan da kaka. Manoma da yawa suna sayar da ruwan inabi zalla a kwalba, Traubensaft, wanda ba shi da komai na maye. Amma akwai wani farin ruwa mai duhu-duhu da ake kira Sturm, mai zaƙi kamar kunun zaƙi, wanda ya riga ya fara tsima. Wannan barasa ce, kada zaƙin ya ruɗe ku. Gidajen da kuka ga an rataya reshen itace a ƙofa kuwa mashayar manoma ce, tun izinin da Sarki Yosef na Biyu ya bayar a 1784, abincinsu kuma galibi naman alade ne. Ni dabino da burodi nake sawa a jaka.

Na yi azahar a gefen wata gonar kabewa, na ci gaba zuwa gabas inda injinan haƙar mai suke ta sunkuyawa suna ɗagowa a tsakiyar shuka, sannan na juyo garin Wolkersdorf na sa keken a jirgi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a kan Bisamberg na gan shi. Daga can kana hango dogayen benaye da hasumiyar Danub, a gabanka kuma gona ce har ƙasan tudu. Cikin iyakar Viyana kaɗai akwai gonakin inabi kusan hekta 600. Ba sa'a ce ta bar su ba. Tun 1905 majalisar birnin ta keɓe zoben daji da makiyaya da ba a gini a cikinsa, aka yi ta faɗaɗa shi, kuma yanzu doka ta wajabta wa mai gonar inabi ya noma ta, ba ya bar ta saura yana jiran farashin fili ya tashi ba. Hanyar gonar ma ana zuba mata tsakuwa, ana gyara mata magudana, manomi ya fitar da kayansa, ɗan birni ya bi ta a keke.

Na tsaya a wurin ina tuna gonarmu ta bayan Kano. Ina yaro Baba yakan ɗora ni a bayan kekensa Rali, fartanya ɗaure a gefe, mu bi burtali tsakanin dawa har mu isa. Zuwana gida na ƙarshe na nemi burtalin na rasa. An yanka wurin filoti-filoti, rabi an gina, rabi an kewaye da bulo an bar wa ciyawa, kukar da muke hutawa a gindinta ma babu ita. Ban zargi wanda ya sayar ba, mu ma mun sayar da namu lokacin da larura ta zo. Mutane suna buƙatar wurin kwana. Abin da ke ci mini rai shi ne babu wanda ya ja layi ya ce daga nan gona ce, a bar ta ga masu zuwa.

Ralin Baba yana nan rataye a zaure. Na roƙi ƙanina ya sauke shi, a sa masa sababbin taya, a shafa wa sarƙar mai. In Allah ya kai mu hutun Disamba zan zo, ina so in hau shi in yi yamma har inda zan sami burtalin da ya rage. Wanda ya san inda yake a yanzu, don Allah ya gaya mini.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan uwanku a Viyana