Yau mun juya dish ɗin gidanmu gabas

Asabar, Garwa, Kamaru.

Tun da aka mayar da Yaya aiki Ngawundare ya tafi da dikodarsa ta Canal+ har da katin, farantin dish ɗin yana nan kafe a kusurwar katanga, ba ya tsinana wa kowa komai. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya, kuɗin da ya faɗa ko buhun gawayi ba zai saya ba. Inna kuwa ta gaji da jin labarin shirye-shiryen Hausa a bakin matan maƙwabta, ga azumi na matsowa.

Da sassafe na kira ɗan maƙwabcinmu da ke aikin haɗa dish a wani shago kusa da babbar kasuwa, don zafin Garwa ba ya bari a taɓa ƙarfe bayan hantsi. Tambayar da na fara yi masa ita ce ko farantin zai yarda ya kama wani abu ban da na kamfanin da sunansa ke jiki. Dariya ya yi. "Yaya, faranti bai san kamfani ba. Tara sigina kawai yake yi ya mayar wa kan nan na gaba. Makullin yana cikin dikoda da kati."

Kan da yake nufi shi ne LNB. Ya duba namu ya ce irin gama-garin nan ne, mai lamba 9750 da 10600 a jiki, ba sai an canza ba. Wayar ce rana ta cinye, bayanta duk ya tsattsage a wajen da ta bi ta kan kwano. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya ɗaura sabon baki. Abin da na fitar wa kuɗi na gaske shi ne dikoda marar kati, kuma ya nace sai mai DVB-S2 da HD, wato mai karɓar sabon tsarin sigina da hoto mai kyau, domin tsofaffin da ake karyarwa a kasuwa tashoshi da yawa ba sa buɗe su yanzu. Wata ma murya za ka ji, hoto babu.

Sai aka zo inda aikin yake. Taurarin ɗan'adam da ke aiko da tashoshin suna jere ne a saman tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, kowanne a gurbinsa, kuma faranti ɗaya wuri ɗaya yake kallo. Namu yana kallon SES-4 ne, a digiri 22 yamma, shi ya sa duk farantan layinmu suka karkata wajen faɗuwar rana kamar sahun masallata. Wanda muke nema saboda tashoshin kyauta, Eutelsat 16A, yana digiri 16 gabas. Garwa tana wajen digiri 13 gabas, wato tauraron kusan a tsakar kanmu yake. Kafin ya kwance ko noti ɗaya sai da ya ɗauki ƙusa ya yi zane a jikin sandar, a daidai inda farantin yake da, saboda ranar da wani zai so a mayar. Wannan ta burge ni. Ba kowane mai gyara ke tunanin bayansa ba.

Muka fito da ƙaramar talabijin tsakar gida, shi yana kan tsani, ni ina kallon layuka biyu a allo. Na sama ƙarfin sigina ne, kuma yaudara gare shi: da zarar waya ta haɗu da LNB sai ya cika, ko da farantin bishiyar darbejiya yake kallo. Na ƙasa, na inganci, shi ne magana. Ya ɗaga fuskar farantin sama sosai har na ce masa ya wuce, ya ce in dai ci gaba da kallo. Yana matsawa kaɗan-kaɗan, yana tsayawa, don dikoda tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta amsa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Muka zauna a zaure muka sha shayi.

Da ta dawo, layin ƙasan ya yi tsalle. Ya ɗan murɗa LNB ɗin a mazauninsa, layin ya ƙaru, ya ɗaure. Muka sa bincike, tashoshi suka yi ta zubowa, na Faransanci sun fi yawa, wasu masu alamar kulle da ba sa buɗewa. Da Arewa24 ta fito Inna ba ta ce komai ba, kujerarta kawai ta jawo. Can ta ce, "To ina ta Makka, wadda ake nuna ɗawafi?"

Yaron ya durƙusa ya yi mata bayani. "Inna, wannan Nilesat ce, digiri 7 yamma. Masar da ƙasashen Larabawa ta fi haskawa, mu muna gefe, sai da faranti babba." Ta ce Allah ya hore.

Rigimar da yamma ta zo, da ƙannena suka dawo suka tarar babu ƙwallon Turai. Ai dama ba za a samu ba. Wasannin nan saye ake yi da kuɗi masu yawa, ba kasafai ake watsa su a banza ba. Auta ya kawo shawarar a ƙara LNB na biyu da ɗan akwatin DiSEqC, mai haɗa LNB biyu da dikoda ɗaya, yadda ya gani a gidan abokinsa. Ana yi, amma sai taurarin suna kusa da juna. Tsakanin 22 yamma da 16 gabas digiri 38 ne, ƙaramin faranti ba zai haɗa su ba. Ni dai ina ganin an yi daidai. Mai wuni a gidan ita ta fi cancanta a juya mata, su kuwa gidan kallo na bakin titi bai rufe ba.

Ya gargaɗe ni da abu biyu kafin ya tafi. In hadari ya yi kauri hoto zai daskare har ruwa ya wuce, kada in taɓa komai. Sannan tashoshin kyauta suna canza mita, wato lambar da ake kama su da ita, ba sanarwa, in wata ta ɓace a sake bincike kawai. Gobe zan sayo ƙusoshin kama waya, in kuma sa a ƙara siminti a gindin sandar, don iskar farkon damina a nan ba ta wasa da faranti mai kallon sama.