Gidan Wasan Kwaikwayo na Manaus

Ziyarar da na kai Teatro Amazonas, gidan wasan kwaikwayon birnin Manaus da ke tsakiyar dajin Amazon a ƙasar Birazil, ta daɗe a raina. An buɗe shi a shekarar 1896 da arzikin roba, bayan an ɗauko duwatsun marmara daga Italiya ta teku da kogi. Abin da ya fi burge ni shi ne har yau ana kiɗa da wasa a cikinsa, ana kuma zagayawa da baƙi domin su ji tarihin birnin. Ina fatan kowane baƙo zai tuna da ma'aikatan da suka sha baƙar wahala wajen tatsar robar da ta gina shi.