Hutun makaranta a Danmak da yara uku

Tun watan Fabrairun 2025 na fara rubuta tsarin tafiyar a bayan wata tsohuwar ajanda, kuma kuskurena na farko yana cikin layin farko da na rubuta, inda na ce ƙasar ƙarama ce, saboda haka za mu zagaye ta cikin kwana goma sha biyu. Lissafin bai zama na wauta ba a kan takarda, domin faɗin Danmak kusan murabba'in kilomita 43,000 ne, wato jihar Kano sau biyu da 'yar ɗoriya, mutanenta kuwa wajen miliyan shida ne. Na taɓa zuwa ƙasar ni kaɗai shekarun baya don wani gajeren kwas na aiki, kuma abin da na riƙe a raina shi ne jiragen ƙasa masu zuwa a kan lokaci da tituna marasa cunkoso. Da wannan na jera garuruwa shida: Kofanhagan, Odense, Aarhus, Skagen a can ƙuryar arewa, Billund inda kamfanin LEGO mai ƙera tubalan roba na wasan yara yake, sannan tsallakawa gada zuwa Malmö ta ƙasar Suwidin.

Uwargida ce ta karɓi ajandar wata rana bayan sallar isha'i, ta karanta shiru, sannan ta ce: "Baban yara, sau nawa ke nan za mu ɗaure kaya mu kwance?" Na ƙirga, na ga sau shida ne, da akwatuna huɗu da yara uku, babbar tana da shekara 11, na tsakiya 8, auta kuwa 4. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta miƙo mini biro. A daren muka soke garuruwa huɗu, muka bar masauki biyu kawai: kwana huɗu a Kofanhagan, sai mako guda cur a wani gidan haya da ke gaɓar tekun yamma, inda za mu iya zuwa Billund mu dawo a yini ɗaya. Na ji zafin soke Skagen, domin na daɗe ina son in nuna wa yaran wurin da tekuna biyu suke haɗuwa, amma yanzu na san da mun je da kuka za mu isa.

Batun biza ne ya fi cin lokaci. Danmak tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma doka ta yarda a shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, don haka muka shigar a watan Afrilu maimakon jiran hutu ya matso. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, wanda bai kai shida ba kuwa ba ya biya, ke nan mu biyar mun biya yuro 270, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya wadda za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000 ga kowane mutum, da fasfo mai sauran wa'adin wata uku bayan ranar dawowa, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki, da ta makarantar yara, da takardun haihuwarsu. A nan ne muka yi tuntuɓe: sunana a takardar haihuwar na tsakiya an rubuta shi da wasu haruffa daban da yadda yake a fasfona, abin da a gida ba wanda zai ɗaga kai ya duba. Sai da na je kotu na yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, aka ɗaga ranar da aka ba mu da mako biyu. Duk mai shirin irin wannan tafiya ya baje takardun iyalinsa a kan tabarma ɗaya, ya bi sunaye harafi bayan harafi, kafin ya biya ko kwabo.

Ba mu sami jirgin da ke zuwa kai tsaye ba, sai muka tashi daga Abuja, muka sauya a Istanbul, muka sauka Kofanhagan a ƙarshen watan Yuli. Kilishin da surukata ta aiko mun bar shi a gida, domin ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje. Yaji da garin kuka ne suka bi mu, kuma sun yi rana.

Na yi tunanin agogo ba zai dame mu ba, tun da a lokacin zafinsu Danmak tana gaban Najeriya da awa ɗaya ne kacal. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne rana. A Kano yaranmu sun saba magariba ta yi kafin bakwai, su ci abinci, su yi isha'i, ƙarfe tara kowa ya yi barci. A can kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, bayan ta faɗi ma sararin sama yakan daɗe da haske, sannan da wajen biyar na asuba ta sake fitowa. Daren farko na ce wa auta ya kwanta, ya nuna taga ya ce: "Abba, ai ko magariba ba a yi ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ban sami amsar da zan ba shi ba. Bai yi barci ba sai kusan sha ɗaya, hasken safiya ya tashe shi da wuri, washegari kuwa duk shirin da na yi na kai su fadar Amalienborg su ga sauyin dogarai da ƙarfe goma sha biyu na rana ya ƙare a kan wani benci, yana barci a kafaɗar uwarsa, manyan biyu suna faɗa a kan kwalbar ruwa. Na so in ba su labarin yadda Sarauniya Margrethe ta yi murabus a Janairun 2024 ta bar wa ɗanta Frederik gadon sarauta, amma ba mai saurare.

Daga ranar muka sauya tsari. Muka rataye barguna a tagogin ɗakin yara tun ƙarfe takwas, muka ajiye agogo a inda kowa zai gani, aka yarda cewa agogo ne zai yanke hukuncin barci. Muka kuma taƙaita fita zuwa wuri ɗaya babba a kowace rana, da safe, sannan a dawo masauki bayan azahar a huta. Sallah ma sai da muka yi mata shiri, domin isha'i tana kaiwa wajen sha ɗaya na dare ko fiye, gwargwadon lissafin da masallaci ya bi, asuba kuma tana zuwa da wuri ƙwarai, tsakaninsu 'yan awoyi ne. Na tambayi malaminmu tun kafin mu taso game da kasaru da haɗa salloli, ya tuna mini cewa wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ya fita daga hukuncin matafiyi, don haka a gidan gaɓar teku cikakkiya muka riƙa yi. Juma'a mun same ta a babban masallacin nan mai hasumiya da aka buɗe a 2014 a titin Rovsingsgade.

Abin mamaki shi ne wuraren da yaran suka fi so a Kofanhagan ba su ne na kashe wa kuɗi ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin ba shi da direba, saboda haka kujerar gaba ta kowa ce, kuma na tsakiya ya zauna a nan yana "tuƙi" har muka wuce tasharmu sau biyu da gangan. Hasumiyar Rundetårn, wadda aka gama a 1642, ana hawa mafi yawanta ta wata hanya mai murɗewa maimakon matakala, sai suka mayar da ita filin tsere. Mutum-mutumin 'yar ruwa da ke bakin teku tun 1913, wanda hotonsa ya cika intanet, bai wuce tsayin yaro ba, babbar ta dube shi ta ce: "Abba, shi ke nan?" Lambun wasa na Tivoli, wanda aka buɗe tun 1843 daura da babbar tashar jirgin ƙasa, ya burge su, sai dai ban lura ba cewa kuɗin shiga daban, kuɗin hawa lilo daban, kuma a bakin ƙofa na gano haka, lokacin da ja da baya ba zai yiwu ba.

Haɗarin da ya fi tsorata ni a birnin keke ne. Tsakanin hanyar ƙafa da titin mota akwai hanyar kekuna, masu keken suna gudu kuma ba su da ƙara, mai sauka daga bas kuwa sau da yawa a kanta yake fara ɗora ƙafa. Yaron da ya tashi yana sauraren hon kafin ya tsallaka titi ba ya jin zuwan keke. Sau ɗaya na fizgo auta da wuyan riga, daga nan muka kafa doka cewa babba ne ke fara sauka.

Abinci ne ya tabbatar mini cewa masauki mai kicin ya fi otal. Danmak ƙasar kiwon alade ce, har aladunta sun fi mutanenta yawa, kuma namansa yana shiga wuraren da mutum ba zai zata ba: tsiran-alade da ake sayarwa a kekunan bakin titi, da markaɗen hanta da suke shafa wa burodi, da ƙwallon nama, har da alewa mai danƙo. Muka koya wa babbar kalmomi huɗu, svin da gris da skinke da gelatine, waɗanda ke iya nuna akwai alade a cikin abu, ta zama mai binciken kwalaye a kanti, kuma ta riƙe muƙamin da muhimmanci. A unguwar Nørrebro muka sayi naman halal mai yawa, muka daskarar, muka tafi da shi gaɓar teku, inda irin waɗannan shaguna suke da wuyar samu. Kifi da ƙwai da dankali da madara suna ko'ina a kantunan Netto da Rema 1000, ruwan famfo kuma ana sha. Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, yuro ɗaya yana daidai da kurona bakwai da rabi ko kusa da haka, kuma kusan komai da kati ake biya, har kuɗin takardar da na canza na dawo da rabinsu. Cin abinci a waje mu biyar sau biyu kawai muka yi, na farko don sha'awa, na biyu don gajiya. Game da sutura, uwargida da babbar sun yi yawo da hijabinsu ba wanda ya tanka musu, amma mai niƙabi ta sani cewa tun 2018 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a.

Ranar Asabar muka ɗauki motar haya muka nufi yamma, domin gidajen hutu nasu galibi daga Asabar zuwa Asabar ake ba da su. Da jirgin ƙasa muka bi da yaran duka sun tafi kyauta, tun da kowane babba mai tikiti yana iya tafiya da yara biyu 'yan ƙasa da shekara 12, amma Billund ba ta da tashar jirgi, gaɓar tekun kuma tana son mota. Dole ne yaron da tsayinsa bai kai santimita 135 ba ya zauna a kujerar yara, don haka na nemi biyu tun lokacin da na yi rajistar motar. Muka haye gadar Storebælt, mashigar da ta haɗa biyu daga cikin manyan tsibiran ƙasar a tsawon kilomita 18, inda ake biyan kuɗin wucewa, yaran suka yi tsit suna kallon ruwa hagu da dama. A gidan da muka kama kusa da Blåvand an bar mana takarda cewa mu rubuta lambar mitar wuta ranar shiga da ranar fita, domin wutar da aka sha daban ake biya, zanin gado da tawul kuma sai dai mutum ya zo da nasa ko ya yi haya, sannan ya share gidan tas kafin ya miƙa makulli ko ya biya masu shara. Ban karanta wannan sashe da kyau ba lokacin da nake biyan kuɗi, shi ya sa daren farko da zannuwan uwargida muka shimfiɗa gadaje.

Legoland, filin wasan LEGO da ke Billund, wanda aka buɗe a 1968 a garin da kafinta Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, shi ne dalilin da ya sa yaran suka yarda da tafiyar tun farko. Mun sayi tikiti ta intanet, mun isa kafin a buɗe ƙofa, mun tafi da abincinmu a kula. Da na auna auta a gida da na tsirar da mu daga hawaye, domin wasu lilo suna da ma'aunin tsayi a bakin layi, kuma ma'aikatan ba sa jin roƙo. Aka raba ayari, ni da manyan biyu muka bi layin masu gudu, shi da uwarsa suka tsaya wurin ƙananan biranen da aka gina da miliyoyin tubalan roba, yana bin wani ɗan jirgin ruwa da ido har ya manta da fushinsa. An yi ruwan sama sau biyu a yinin, da iska mai sanyi irin ta tsakiyar hunturu duk da su a wurinsu lokacin zafi ne, kuma rigunan ruwan da na yi ta ƙorafin nauyinsu a akwati su ne suka cece mu.

Sauran kwanakin ba mu je ko'ina mai tikiti ba. Da safe mukan taka zuwa bakin teku ta cikin tuddan rairayi masu ciyawa, mu wuce tsofaffin maɓoyan siminti da sojojin Jamus suka gina a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka sa wa wasunsu kai da jela na ƙarfe suka koma kamar dawakai. Ruwan yana da sanyi kuma yana ja ta ƙasa, don haka iyakarsu gwiwa, a tsakanin tutocin masu ceto. Na tsakiya ya gano cewa kowace kwalba da gwangwanin lemo da aka mayar cikin injin kanti ana biyan kurona ɗaya zuwa uku, sai ya mayar da kansa ɗan gwangwan, yana tara na gidan yana lissafi a bayan ajandata, a ƙarƙashin sunayen garuruwa huɗun da muka soke. Da muka zo tafiya ya ƙirga kurona 46, ya saya wa auta alewar da yayarsu ta karanta kwalinta ta amince da ita, canjin kuma yana cikin wata safa a ɗakinsa har yau.