Rufe neman taimako ya fi buɗe shi wuya

Aikin sa-kai a wata ƙungiyar tallafa wa marasa lafiya a Kano ya nuna mini cewa samun kuɗi a Facebook shi ne ɓangare mai sauƙi. Jama'armu akwai tausayi. Ka ɗora takardar asibitin mai wankin ƙoda da daddare, musamman a goman ƙarshe na azumi, kafin asuba alat ya cika waya: wannan naira 500, wancan 2,000, wani ya turo da yawa ya ce kar a ambaci sunansa. Haka aka gani da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya ci Maiduguri.

Rigima tana farawa ne bayan kuɗin sun shigo. Dangin marasa lafiya da yawa asusun banki na matakin farko ke gare su, wanda ba ya riƙe fiye da naira 300,000, sai kuɗi su riƙa komawa, masu turowa su fara zargi. Shi ya sa ƙungiyar da ta san abin da take yi ke rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta karɓi takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta buɗe asusu da sunanta, ta biya asibiti kai tsaye, ta ɗora rasit kowa ya gani.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutu ba ya mutuwa. An sallami mara lafiya, ko Allah ya karɓi abinsa, amma hotonsa na nan yana yawo a zaurukan WhatsApp da "a taimaka saboda Allah". Wani ma ya goge lambar asusun ya sa tasa. Yanzu a jikin hoton muke rubuta kwanan wata da adadin da ake nema, ranar da kuɗi suka cika kuma mu sanar an rufe. Mutane ba sa yaɗa wannan sanarwar kamar yadda suka yaɗa kukan, amma dole a yi ta.

Batun hoto kuwa har gobe muna musu a kai. Fuska tana jawo kuɗi, babu shakka. Sai dai wata uwa ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, yarinyar nan za ta warke, za ta yi aure a unguwar nan." Nata neman da takardar likita kawai muka yi shi. Kuɗin sun yi jinkiri, har sai da muka maimaita sanarwar ranar Juma'a kafin su cika.